Bakan Gizo a Lambar Mota

Duk wanda ya tashi a Arlow ya san Delbert Kucera da barandarsa. Gidan yana gabas da gari, a bakin kwaltar da ta ratsa tuddan ciyawar jihar Nebraska, babu maƙwabci sai shanu. Tun kafin a haifi rabin mutanen garin yake zama a wurin da yamma, da madubin hangen nesa a wuya, yana karanta lambar duk motar da ta wuce.

Wasan yara ne fa. Kowa ya yi shi a bayan motar ubansa: ka hango lambar wata jiha, ka faɗi sunanta, wanda ya fara haɗa jihohi hamsin ɗin ya ci. Yara sukan gaji su yi barci kafin a kai rabi. Amma Delbert da matarsa Ardith sun ɗauko shi tun suna amarya da ango, suka dasa shi a barandar, Ardith ta kafa masa doka. Sai daga barandar za a gani. Sai motar ta zo da ƙafafunta, a kan sabgar gabanta, ba wanda ya kira ta, ba wanda ya turo ta. Ita ce mai kunne, tana jin inji tun motar tana bayan tudu, sai ta ce, "Ga mota, Delbert." Shi kuma ya ɗaga madubin.

A haka jihohi suka yi ta zuwa suna wucewa. Har Alaska ta zo, a jikin wata akori-kura da ta sha laka. Guda ɗaya ta ƙi, Hawaii. To ina za ta biyo? Tsibiri ne a tsakiyar teku, sai an ɗora mota a jirgin ruwa, sannan mai ita ya bar manyan hanyoyi duka ya zaɓi wannan siririyar kwaltar da ko mu da muke kanta ba mu san dalilin yin ta ba. Ardith ta rasu ba ta gan ta ba. Delbert ya ci gaba da zama shi kaɗai, kujerarta tana gefensa.

Ɗansa Gaylen ya taɓa gwada dabara. Ya sayo tsohuwar lambar Hawaii a kasuwar gwanjo, ya ɗaura a motar abokinsa Merle, aka wuce ta gaban gidan a hankali. Tsohon ya duba, ya sauke madubin, ya ce, "Motar Merle ce wannan, na san ƙarar salansarta." Sai da aka girbe ciyawa aka ɗaure kafin ya sake yi wa Gaylen magana.

Yanzu ga idanun sun fara tafiya. Likita ya ce tsakiyar ganinsa ce take cinyewa, kuma ba ta dawowa. An sayar da gidan, an samo masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi a cikin gari, wanda tagarsa take kallon bangon coci. Ranar tashi ta zo, Asabar ce, Gaylen zai kawo mota da yamma a kwashe abin da ya rage.

Marlys, 'yar Delbert, 'yar sanda ce ta ƙaramar hukumar. Ta karɓi aikin safe ranar don ta samu yammar. Tana fake a gabas da gidan, can gaba inda hanya ta miƙe, zuciyarta ba daɗi, sai ga wata tsohuwar mota shuɗiya ta taho tana rarrafe. Ba gudu ba, ba tangaɗi. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne lambar. Gaba da baya an rufe ta da murfin roba wanda ya dafe ya koma ruwan ƙasa, ga wani baƙin firam mai kauri ya cinye sama da ƙasa. Harufa ma da ƙyar, balle sunan jiha.

Marlys ta tsani murfin lamba, gado ta yi. Ta kunna fitila ta bi motar.

Mutumin ya tsaya nan take. Dattijo ne mai faɗin fuska, gashi ya yi fari, ga silifas a ƙafa a wannan iskar. Bai ma dube ta ba da farko, idonsa yana can kan tuddai.

"Barka da hantsi, malam. Ka san me ya sa na tsayar da kai?"

"Na yi jinkiri da yawa ko, 'yar'uwa? Ki yi haƙuri. Tun safe nake jiran ƙasar nan ta ƙare, ta ƙi ƙarewa."

"Lambarka ce. Ba ta karantuwa. Kawo lasin."

Ya laluba ya miƙo. Ta duba sunan, Clifford Kahale. Ta duba saman katin, sai ga sunan jihar, Hawaii. Ta zagaya bayan motar, ta durƙusa, ta goge murfin da hannun rigarta, ta kara ido. Can ciki, a ƙarƙashin dafaffiyar robar, ga shi nan ya lanƙwasa daga wannan gefe zuwa wancan, dishi-dishi. Bakan gizo, zanen lambar Hawaii.

Ta daɗe a durƙushe. Motar nan ta keto teku, ta haye duwatsu, ta zo da ƙafafunta a kan sabgar gabanta. Kuma daga yamma ta fito. Ke nan ɗazu-ɗazun nan ta wuce ta gaban barandar, tsohon yana zaune tun safe don ranarsa ta ƙarshe ce, robar banza ta hana shi gani. Takaici ya cika ta, har ta ji tana son ta fasa murfin da dutse.

Clifford ya fito yana jan silifas. "Lafiya dai?"

"Tun yaushe wannan abin yake a nan?"

"Tun ranar da na sayi motar. Dillalin ne ya sa. Fari ne tas a da, kamar gilashi, rana da iskar teku suka mai da shi haka. A wajenmu ba wanda ya taɓa tsayar da ni. Wa zai tsaya karanta sunan jiha? Duk motar da ke tsibirin lambarta iri ɗaya ce."

"To nan ba tsibiri ba ne. Lambar taku ce, ba ruwana da launinta ko zanenta. Amma hanyar tamu ce, dole in iya karanta ta daga nesa, ko daga ina ka ɗauko ta."

"Gaskiyarki. A cire mana."

Ta ɗauko sukundireba a motarta. Allah ya sani ta yi iya ƙoƙarinta. Gishirin teku ya yi shekaru yana cin notocin, tsatsa ta haɗe su da ƙarfen sun zama abu guda. Ta murɗa, ta danna da ƙirji, kan na farko ya cinye ya zama sumul. Na biyu ma haka. Na gaban motar ko gezau.

Clifford yana tsaye yana ba ta labari. 'Yarsa ce ta haihu a jihar Minnesota, ta ce ya tattaro ya dawo kusa da jika. Ya ƙi rabuwa da motar don ta matarsa ce marigayiya, shi ya sa ya biya kuɗin jirgi. Babbar hanya kuma ta ba shi tsoro, manyan motoci kamar za su haɗiye shi, sai ya ratse.

"Ban san akwai wuri irin wannan ba," in ji shi. "A gida duk inda ka nufa ruwa zai tare ka. Nan kuwa na tsaya ɗazu na kashe inji, na fito. Ba kowa. Ciyawa tana tafiya da iska har ƙarshen gani, sama ta sauko ta kowane gefe. Sai na koma mota na zauna."

Marlys tana ji, amma lissafinta daban. Kalma ɗaya ta ishe ta. Ta ce masa doka ce ya koma gari a cire, zai koma, mutumin kirki ne. Sai dai ta san kanta, baƙo irin wannan gargaɗi take rubuta masa ta sallame shi. In ta tilasta shi, ta zama Gaylen ke nan da kaki. Kuma ubanta zai tambaya, ita kuwa ba ta taɓa iya yi masa ƙarya ba.

Ta rubuta takardar gargaɗi ta miƙa masa. Ta faɗi abin da take faɗa wa kowa, ba ragi ba ƙari.

"Ba tara. Amma in ka hau babbar hanya da shi a haka, wani zai sake tsayar da kai, kuma ba lalle ya yi maka sauƙi ba. Akwai gareji a Arlow, garin da ka baro, wajen Duane. In kuma gaba ka fi so, akwai wani, amma da tafiya."

"Baya kuma?" Clifford ya sosa kai. "Jikan nan fa yana jirana."

"Ya rage naka, malam."

Ta shiga motarta ta juya. A madubi ta gan shi tsaye a bakin hanya da takardar a hannu, ya juya wa motarsa baya yana kallon ciyawa. Har ya ɓace mata bai motsa ba.

Da ta iso gida bayan ta sauka daga aiki, Gaylen ya riga ya zo, ya fara loda akwatuna. Ɗakuna sun yi fayau. An sauke labule, an cire hotuna, kujerar Ardith ma tana can cikin mota an kifa ta a kan katifa. Delbert yana baranda a tasa kujerar, da hular hana-salla da madubi a wuya, kamar ba shi ake kwashewa ba.

"Sannu, Baba. Ka ci abinci?"

"Na ci. Kin kama ɓarayi nawa?"

"Ko ɗaya. Me ya wuce yau?"

"Shanu. Da lambar Wyoming guda biyu. Da wani mara kunya da ya rufe lambarsa kamar mai gudun bashi. Da ni ne ke, da na ɗaure shi."

Ta shige ciki da sauri kada ya ga fuskarta. Tana naɗe kwanuka a jarida, kunnenta yana kan hanya. Kowane inji sai gabanta ya faɗi. Rana ta karkata, har ta fara cire rai, sai ta ji wani yana tahowa daga gabas a hankali. Ta leƙa ta taga. Shuɗiyar motar ce, ta nufi gari.

"Ga shi ya dawo," in ji Delbert daga baranda. "Ko kunya."

Marlys ta dafa teburin girki. Ya zaɓa da kansa, ba ta tura shi ba. Saura Duane ya ci ƙarfin tsatsar, saura kuma tsohon ya kai lokacin a kujerar nan.

Nan fa Gaylen ya fara. Mutum ne mai son a gama abu, tun yana yaro.

"Marlys, saura me? Sun ce mu kai shi kafin abincin yamma."

"Ban share ɗakin baya ba."

"Na share."

"To ban duba ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba."

"Babu komai a ciki sai gizo-gizo. Wai me ke damunki yau? Ke ce kika ce a yi a gama."

Ba ta gaya masa ba. Bakin Gaylen ba ya riƙe ruwa, yana ji zai fita ya tsaya a tsakiyar kwalta yana ɗaga hannu. Ta haɗa kofi wanda ba wanda ya nema. Ta warware akwatin da aka riga aka ɗaure wai tana neman maganin Baba. Ta ce sai an yanka burodin da matar fasto ta aiko, ba kyau a mai da shi. Gaylen ya ci a tsaye yana duba agogo, yana tsaki.

Daga ƙarshe dabara ta ƙare. Ba abin da ya rage a gidan sai kujera ɗaya da mutumin da ke kanta. Gaylen ya hau barandar ya cire hula, muryarsa ta yi laushi.

"Baba, lokaci ya yi."

Delbert bai yi musu ba, abin da ya fi ƙona wa Marlys rai ke nan. Ya dubi hanyar yamma, ya dubi ta gabas, ya dafa hannuwan kujerar zai miƙe.

"Na dai yi iyakar zamana," in ji shi. "Uwarku ta ce Hawaii za ta zo. Ban taɓa kama ta da ƙarya ba, sai wannan."

A nan Marlys ta ji. Ba inji ɗaya ba ne, gurnani ne mai kauri yana tasowa daga bayan tudun yamma. Sai shuɗiyar motar ta ɓullo a kan tudun, rana tana bayanta. Bayanta da 'yar tazara ga motar janwe ta Duane. Bayan Duane ga akori-kurar Merle, ga motar fasto, ga ta matar da ke sayar da kofi, ga ta mai gidan waya, ga wasu, ga wasu, har layin ya sauko tudun bai ƙare ba.

Daga baya aka ji yadda aka yi. Duane ya yanke notocin da injin yanka, murfin ya faɗi, sai ga bakan gizo a gabansa. Ya karɓi kuɗin aikinsa, ya ce a sauka lafiya, bai ƙara ko kalma ba. Labari dai ya riga motar fita daga gareji. Arlow kaf ta san dokar Ardith, don haka ba wanda ya ce wa baƙon uffan, ba wanda ya buga waya gidan. Kowa ya rufe shagonsa ya shiga mota, don a ce da shi aka gani. Shi kuwa Clifford, bawan Allah, ya ga gari guda a madubinsa, sai ya rage gudu ya matsa gefe don su wuce. Ba wanda ya wuce. Ya ƙara ragewa, su ma suka rage.

Ba oda, ba hayaniya. Tsikar jikin Marlys ta tashi. Tunda take ba ta taɓa ganin garinsu ya yi shiru haka a kan abu ɗaya ba.

Delbert ya ƙanƙance ido. Abin da ya rage masa na gani ya nuna masa dogon layin motoci suna tafiya a hankali, kuma a ƙasar nan ma'anar wannan ɗaya ce.

"Wa ya rasu ba a gaya mini ba?"

Ya miƙe da ƙyar, ya cire hularsa ya ɗora a ƙirji, ya sunkuyar da kai ƙasa, yadda aka koya masa tun yana yaro in gawa za ta wuce.

Kai, mutanen Arlow. Sun zo kallo, ga shi za su kashe abin da hannunsu. Motar tana matsowa, ta kai gadar rafi, ta kai akwatin wasiƙa, tsohon yana kallon takalmansa. Gaylen ya gane, ya buɗe baki, Marlys ta damƙe hannunsa har sai da ya yi ƙara. In aka ce masa ga Hawaii, an ɓata. Ta laluba a ranta abin da doka ta yarda a faɗa, sai ta same shi, abu ɗaya tak, wanda ta ji sau dubu daga kujerar da yanzu take kife a mota.

"Ga mota, Delbert."

Kafaɗunsa suka motsa. Hannun ya san aikinsa tun kafin kan ya yi tunani, hular ta faɗi, madubin ya hau ido. Ya karkata kai gefe yadda yake yi yanzu don ya kama abu da gefen ganinsa. Motar tana daidai ƙofar shinge, lambar gaba fes, fara sol, wadda ba ta taɓa shan rana ba tunda aka buga ta. Ya bi ta da madubin tana wucewa, ya juya da ita, ya kama ta baya.



"Bakan gizo ne," in ji shi a hankali. Sannan ya gyara murya, don doka ta ce a faɗa a fili. "Hawaii."

Clifford ya ga wani tsoho a baranda yana kallonsa, sai ya fito da hannu ta taga ya kaɗa babban yatsa da ƙaramin, irin gaisuwarsu. Ya wuce abinsa wajen jikansa. Motocin gari suka tsaya ɗaya bayan ɗaya a bakin hanya, mutane suka fito suka jingina da ƙofofi. Duane, ƙaton mutum, yana share fuska da tsumman gareji.

Delbert bai sauke madubin ba sai da shuɗin ya zama ɗigo, ɗigon ya shige cikin ciyawa.

"Ta cikin teku fa," ya ce. "Duk ruwan nan. Ta zo har ƙofar gidana."

Ya juyo ga 'yarsa, ya karkata kai ya same ta da gefen ido.

"Marlys. Ke kika turo shi?"

"A'a, Baba. Gargaɗi na rubuta masa a kan murfi, na gaya masa inda gareji yake gaba da baya. Shi ya zaɓa."

Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya gyaɗa kai. Ya juya wajen da kujerar Ardith ta bar sawun ƙafafunta huɗu a katako, ya tsaya a kai.

"To, kin ci," in ji shi. "Ta zo."

Marlys ta kasa riƙe kukan, ta bar shi ya zubo. Tsohon ya zare igiyar madubin daga wuyansa, ya naɗe ta a hankali, ya sa a hannunta. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa ya kaɗe.

"Gaylen, me kake jira? Ɗauki kujerar mu tafi."